ABIN DA MUKA GANO A ABIJAN

Jawabin wakilan ƙungiya gaban taron gari, bayan komowarsu daga bakin teku

 

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, matasa, da ku ƴan bida da wannan takarda za ta iske can inda kuke, muna gaishe ku baki ɗaya.

Kun sani, bayan an gama kai hatsi rumbu, ƙungiya ta tashe mu mu 3, dattijo guda, da magatakarda, da wakilin matasa, mu je Abijan wajen ɗiyan garinmu. Aike biyu aka ba mu. Na farko mu gaishe su, don zumunci a ƙafa yake. Na biyu mu karɓo gudummawarsu ta gyaran bankin hatsi. Mun je, mun yi kwana 12, mun komo lafiya. Kuɗɗin da suka bayar mun damƙa su hannun ma'aji gaban shaidu, kuma zai karanta muku lissafi in mun zauna. Amma akwai wani kaya da muka ɗauko wanda bai shiga jakar ma'aji ba, shi muke so mu sauke gabanku yau. Ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshe, don akwai tambaya da aka aiko mu da ita, kuma muna son amsa.

HANYA DA GARI

Daga Tawa zuwa Abijan tafiyar ta zarce kilomita 2,000. Hanyar ba ta da kwanciyar hankali irin ta da, shingaye sun yi yawa, kowane shinge kuma sai an sauka an nuna takardu. Wanda ba shi da su mun ga yadda yake ƙarewa: mota ta tashi ta bar shi tsaye bakin hanya da ƙunshin kayansa.

Da muka shiga ƙasar Kodibuwar ta arewa, sai ƙasa ta fara sauya kama. Gonakin hatsi suka ƙare, muka shiga na doya da mangwaro da kaju. Bayan Buwake da Yamusukuro sai ayaba da kwakwar manja da itacen roba da koko, kore ko'ina kamar an zuba. Ba abin mamaki ba ne. Ruwan da ke sauka Abijan shekara guda yakan kai milimita 1,800 ko fiye, mu kuwa nan Adar in mun samu 400 sai mu ce damana ta yi kyau. Wannan ƙasa ita ce ta farko a duniya wajen noman koko.

Abijan gari ne da ruwa ya tsattsaga. Akwai wani dogon tafki da suke kira lagun, ya shiga tsakanin unguwanni, sai an bi gada ko an hau jirgin ruwa na haya. Gadar farko ta zamani an buɗe ta 1957, ta biyu 1967, ta uku 2014, kuma an ƙara wasu bayan nan. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen birnin sun zarce miliyan 5, kuma cikin mutum 100 na ƙasar baki ɗaya wajen 22 baƙi ne. Abin da ya tayar da garin shi ne tashar jiragen ruwa. Kafin 1950 manyan jirage ba su iya shiga lagun. A shekarar aka gama haƙa mashigin Biridi, wanda tsawonsa bai kai kilomita 3 ba, ya haɗa teku da lagun, aka buɗe tashar a 1951. Daga nan aiki ya buɗe, mutane suka kwararo daga ko'ina, har da kakanninmu da iyayenmu.

Mun je mun tsaya nesa mun kalli tashar. Jirgi guda ya fi unguwar maigari tsawo, da akwatunan ƙarfe jere bisa kansa kamar an ɗora gidaje kan gidaje. Mun ga Filato, unguwar dogayen benaye da bankuna. Mun ga dajin Banko, kurmi baƙi ƙirin a tsakiyar birni. Duk abin da kuke ji game da girman Abijan gaskiya ne, ba a ƙara gishiri ba.

INA NAMU SUKE CIKIN WANNAN GIRMA?

Namu ba su Filato. Suna Ajame, da Abobo, da Tireshbil, da Yopugon, da Por-Buwe. A kasuwar Ajame mun iske buhunan albasar Galmi jibge, albasar da ta fito daga fadamun ƙasarmu, kuma ɗiyanmu ne ke sauke ta, su ke sayarwa. Wasu na gasa nama bakin titi. Wasu na da teburin shayi da kafe da burodi, har mutanen garin sun laƙaba wa irin wannan tebur suna aboki, da kalmarmu ta Hausa. Wasu na gadi da dare, wasu na tura amalanke, wasu na yawo da takalma da agogo bisa kai.

Akwai abincin da talakan Abijan ya fi ci, sunansa garba. Aceke ne, wato garin rogo da aka turara kamar dambu, a haɗa da soyayyen kifin teku, da tonka, da albasa, da ɗan mai. Mutanen garin da bakinsu suka ce mana sunan ya fito daga Garba namu na Hausa, don ƴan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. Mun ji daɗin wannan magana. Amma mun kuma tsaya rumfar ɗaya daga cikin yaranmu mun ga abin da ke bayan sunan. Yana tashi kafin kiran assalatu ya je sayen kifi, ya wuni tsaye gaban tafasasshen mai, hannuwansa duk tabon ƙuna ne. Rumfar ba tasa ba ce, ta ubangidansa ce.

MASAUKINMU

Mun sauka gidan ɗan'uwanmu da kuka sani, mai sayar da albasa, wanda ya yi shekara 20 da ɗoriya can. Ya tarbe mu tasha, ya hana mu taɓa ko jaka. Ya kai mu ɗaki mai tabarma sabuwa da fanka. Kullum da nama a tukunya. In za mu fita shi ke biyan gbaka, wato ƙaramar motar hayarsu, in mun sa hannu aljihu sai ya ɓata rai. Muka riƙa cewa tsakaninmu, lalle wane ya samu.

Daren kwana na 5, dattijonmu ya tashi tsakar dare zai yi alwala. Da ya fito tsakar gida sai ya yi tuntuɓe da mutum kwance bisa kwali, bakin ƙofar kewaye. Ya haska, sai ga mai masaukinmu. Ashe gidan na haya ne, iyali fiye da 10 ke ciki, kowa da ɗakinsa guda, kewaye guda na kowa da kowa. Ɗakin da muke kwana shi kaɗai ne nasa. Matarsa da ɗiyansa 4 ya raba su ɗakunan maƙwabta.

Dattijo ya ce masa: «Ɗana, mi ya sa ka yi mana haka?»

Ya ce: «Baba, ku rufa mini asiri. Ku ne garinmu ya zo. In kun koma kuka ce kun kwana tsakar gida, da wane ido mahaifiyata za ta fita biki?»

Da safe muka matsa masa, sai ya faɗi sauran. Naman da muke ci da kuɗɗin motar da yake biya, bashi ya ɗauko wajen mai kawo masa albasa, za a cire cikin ribarsa ta wata mai zuwa. Kuma ba mu ne baƙinsa na farko ba bana. Kafin mu an yi mai neman magani, an yi mai jiran aiki da ya zauna wata 3, an yi mai wucewa. Ba wanda ya sanar da shi kafin ya taso, ba wanda ya zo da ko tiya guda ta hatsi.

Jama'a, kunya ta kama mu. Mun zo karɓar gudummawa, ashe mun zama nauyi bisa wanda za mu roƙa. Da izininsa muke faɗin wannan gabanku, shi da kansa ya ce gara a sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu kwana 5 muka yi cikin ɗakin ba mu duba sama ba.

Daga ranar muka buɗe ido. Muka je Abobo inda samarinmu ke zaune, su 8 ɗaki guda. Masu gadin dare suna kwana da rana, masu aikin rana suna kwana da dare, tabarma ba ta hucewa. Wasunsu sun ba mu labarin 2024, shekarar da aka rushe unguwanni da dama da aka ce suna cikin haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa, kamar Boribana da wani yanki na Gesko. Wanda ke haya irin waɗannan wurare, dare ɗaya yake rasa ɗaki da kaya. Don ruwan saman da muke roƙo nan, can a watan Yuni yakan ci rayuka, kuma gidajen talakawa da ke gindin tudu su yake fara ci.

Wani yaro cikinsu, wanda uwayensa ke zaune nan, ya ce wa dattijo: «Baba, in waya ta yi ƙara na ga lambar gida, gabana faɗuwa yake. Ban taɓa ɗauka na ji an ce ina kwana kawai ba.»

RANAR DA MUKA GA TEKU

Ranar Lahadi ƴan'uwa suka ce ba za mu koma ba mu ga teku ba. Wannan karo muka rantse mu za mu biya mota, aka yi ta ja, suka haƙura. Muka tafi Basam, wajen kilomita 40 gabas da Abijan, hanya duk itatuwan kwakwa.

Tun ba mu ga ruwan ba muka ji rurinsa. Da muka hau tudun rairayi sai ga shi, iya ganin ido, ba tsallake. Yana tasowa kamar bango, ya faɗo, ya ja da baya, ya sake tasowa, ba ya hutawa. Dattijonmu, wanda ya haƙa rijiya gaba 30 da hannunsa kafin ya ga ruwa, ya tsaya ya daɗe yana tasbihi. Sannan ya duƙa ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar. Ya ce: «Duk wannan, ko akuya guda ba ya shayarwa, ko fangali guda na albasa ba ya rayawa.» Ɗaya daga cikin samarin ya ce: «Baba, haka kuɗɗin Abijan suke. Muna ganinsu kullum, suna ruri gabanmu, amma ba na sha ba ne.» Aka yi dariya, amma ba wanda bai gane ba.

Nan za mu tsaya mu ja kunnen matasa. Tekun wannan yanki ba tafkin damana ba ne. Ruwan yana da ja daga ƙasa, yakan kwashe ƙafafun mutum ko da bai wuce gwiwa ba. Masuntan wurin, waɗanda aka haifa cikin kwalekwale, su ma sai sun lissafa igiyar ruwa kafin su tura. Mutane na nutsewa wurin, kuma da yawa masu zuwa yawon Lahadi ne. Ɗan Adar ba shi da abin nema ciki. A kalla daga tudu.

Bayan azahar muka zaga tsohon garin. Basam shi ne hedikwatar farko ta Turawan Faransa a ƙasar, daga 1893. A 1899 annobar shawara ta kashe mutane da yawa, sai a 1900 aka ɗauke mulki aka kai Benjarbil, daga can aka kai Abijan a 1934, daga baya Yamusukuro a 1983. Manyan gidajen ƴan kasuwa na nan tsaye, wasu rufi ya faɗa, itace ya tsiro cikin ɗaki. Gidan gwamna ya koma gidan ajiye tufafin gargajiya. A 2012 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Muka ce, ashe gari ma yana yin arziki ya tsiyace kamar mutum.

Iyayenmu mata, ga naku. Akwai gada a Basam da ake kira Gadar Nasara. A watan Disamba na 1949 mata suka taso daga Abijan, da yawansu da ƙafa, suka nufi gidan kason Basam suna neman a saki shugabannin da Turawa suka tsare. An tare su an doke su, amma har yau ana tuna su. Da muka tsaya bisa gadar mun tuna da ku, masu riƙe gidaje nan shekara da shekaru, kuna jiran waɗanda ba Bature ne ya tsare su ba.

TAMBAYAR DA AKA AIKO MU DA ITA

Nan bakin teku, da muka koma muka zauna gindin kwakwa, wani ɗan garinmu ya matso kusa da mu. Ba za mu faɗi sunansa ba. Shekararsa 9 bai taka gida ba. Ya bar mata da jariri, yaron yanzu yana lakwal. Nan gari an ce ya yi aure can ya manta da mutane, wasu sun ce ya lalace. Mun ga inda yake kwana, mun ga abin da yake ci. Bai yi aure ba, bai lalace ba. Ciwo ya kwantar da shi ya cinye jarinsa, ya tashi bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba. Kuɗɗin mota ƴan'uwa sun sha cewa za su haɗa masa. Abin da ya tsare shi kunya ce.

Ya ce mana: «Yayyena, ku tambayar mini gari. In na komo da rigar da ke jikina kaɗai, ba akwati, ba tsaraba, za a buɗe mini ƙofa, ko za a yi da ni a bakin rijiya?»

Ba mu ba shi amsa ba, don amsar ba tamu ba ce mu 3. Mun ce za mu kawo ta gabanku. Kuma ku sani ba shi kaɗai ba ne, shi ne dai ya iya buɗe baki.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Gani ya kori ji. Bisa abin da muka gani, ga shawarwari 5, taro ya duba.

Na 1. Duk mai zuwa Abijan ko wani gari na kurmi, don ziyara ko magani ko ciniki, ya sanar da mai masauki tun kafin ya taso, ya jira ya ce masa zo. Ya tafi da guzurinsa da kuɗɗin motarsa na zuwa da komowa, ya faɗi ranar tashinsa tun ranar saukarsa. Baƙo raɓa ne. Mu da kanmu mun haɗa abin da mai masaukinmu ya ranta mun bar wa matarsa, don shi ba zai karɓa ba.

Na 2. Gudummawar ƙungiya ta zama sau ɗaya a shekara, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A daina karanta sunayen waɗanda ba su bayar ba ƙofar masallaci. Ƴan'uwa can suna da asusunsu na ciwo da mutuwa, shi ke yi wa namu sutura in ta Allah ta kasance. Kada mu sa musu ido bisa shi.

Na 3. Kada uba ya sallami yaro ba takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da katin allurar shawara, in ya isa kuma ya yi katin ofishin jakadancinmu. Dokar baƙo ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dattawa sun tuna 1969 da aka kori baƙi daga Gana, da 1983 daga Nijeriya. A Kodibuwar an kafa katin zaman baƙo a 1990, aka ɗauke shi ga ƴan ƙasashen CEDEAO a 2007. Rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011 sun koro namu da yawa hannu wofi. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ƙasarmu ta fita daga CEDEAO. Mai takarda ma yana shan tambaya, balle wanda ba shi da ita. Yaron da bai isa ba kuwa, wurinsa lakwal da makarantar allo da gona.

Na 4. Mu na gida mu rage roƙo. Kafin ka ɗauki waya, ka tambayi kanka: abin nan ciwo ne, ko yunwa, ko dai don a ga bikinmu ya fi na maƙwabta? Wani lokaci ku kira su don gaisuwa kawai. Jika guda da ke shigowa nan, mun ga hannun da ya ƙone kafin a same ta.

Na 5. Taro ya yanke yau cewa duk ɗan gari da ya komo, da kaya ko ba kaya, ɗan gari ne. Ba habaici, ba waƙar zambo wurin daka. In gonarsa na hannun wani, a mayar masa kafin shuka. Bankin hatsin da suka taimaka aka gyara ya ranta masa iri da cimaka har kaka.

Ku kuma ƴan'uwa na bida, muna da magana da ku. Rabin laifin naku ne. Kuna tsayawa jikin motar mutane ku ɗauki hoto ku aiko, kuna zuwa salla da shadda ta bashi, ƙannenku su gani su raina garma. Ku faɗi gaskiya, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku riƙa kiran matanku da iyayenku ko ba abin aikawa. Wanda ya samu kuma, ya sa wani abu gida, ko tunkiya ko rijiyar garka, don ƙasar mutane aro ce.

Ba mu ce kowa ya bar bida ba. Mun san shekarun da hatsi bai kai ba, kuɗɗin kurmi ne suka riƙe garin nan, su suka yi rufin masallaci, su suka sayi maganin tsofaffi. Muna godiya ga duk waɗanda suka tarbe mu a Ajame da Abobo da Tireshbil da Por-Buwe, musamman mai masaukinmu da maiɗakinsa da ta bar mana ɗakinta ba ta ko ɗaure fuska ba. Allah ya saka musu da alheri, ya buɗa musu.

Maigari, mun sauke kayanmu. Ɗan'uwanmu yana can yana jira, mun yi masa alkawarin kira bayan sallar Juma'a. Ku gaya mana abin da za mu ce masa.

Allah ya tsare na nesa, ya rufa asirin na gida, ya ba mu damana mai albarka. Wassalamu alaikum.